Faduwar gaban da ta kaini asibiti a Manchester

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka, kuyi hakuri da karar iska, a tashar bas nake tsaye kuma kunsan garin nan da ruwa ba dare ba rana. Masu tambaya ina na shiga sati uku ba bidiyo toh ga labarin.

Wani dare ina wajen aiki, kunsan aikin dare nake a sito, wajen karfe 3 kawai naji kirjina yana dakan uku-uku. Ba irin bugun wanda yayi gudu ba, a'a, sai tayi da sauri da sauri sai ta dan tsaya sai ta kuma zabura, kamar an sa tsuntsu a keji yana fuffuka, ga jiri ga numfashi sama sama. Ni kuwa da taurin kai nace ai faduwar gaba asarar namiji, na kara kwankwadar lemon kara kuzarin nan na gwangwani, na uku kenan a daren, ga goro a aljihu. Wallahi yanzu in na tuna sai inji haushin kaina.

Maman yara ce ta matsa da safe muka kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta nan Ingila, suka ce in tafi asibiti. Akayi min ECG, wato su lika maka wayoyi a kirji na'ura ta zana yadda zuciya ke tafiya, aka ce lafiya lau. Naji kunya kamar na kirkiro karya. Likitar tace ba haka bane, abin yana zuwa ne ya tafi, sai an kama shi yana kai. Aka daura min wata yar na'ura kamar karamar rediyo na kwana biyu da ita, ba wanka, sai goge jiki. Ita ta kama barawon, AF suke kiransa.

Yadda ta min bayani, zuciya daki hudu gareta, kuma a dakin sama na dama akwai wani dan wuri da yake bada wutar lantarki, shine mai kidan, in babba yana zaune yana hutawa bugun sau 60 zuwa 100 ne a minti. A AF sai dakunan sama su rikice kowa na kada gangarsa, maimakon su matsa sai su dinga karkarwa. Nawa ya haura 140 ina kwance fa. Abinda ya kashe min jiki shine da tace jinin da bai fita da kyau ba yana iya daskarewa ya zama gudaji ya tafi kwakwalwa, shanyewar barin jiki kenan, kuma mai AF hadarinsa ya kai ninki biyar. Nan take na tuna mutane nawa a unguwarmu aka ce iska ce ta buge su.

Sanadi kuwa nawa hawan jini ne da na dade ina wasa da maganinsa, ga rashin bacci. Sun debi jini sun duba makoko da gishirin jiki irinsu potassium duk kalau. Sannan ta tambayi maman yara ko ina minshari, baiwar Allah kamar jira take, tace har numfashina daukewa yake cikin bacci. Shima ashe yana jawowa, za suyi min gwajinsa daban.

Yanzu ina kan bisoprolol kullum da safe yana rage gudun. Maganin tsinka jini kuma lissafi suke da shekaru da suga da hawan jini kafin su dora mutum, nawa sai na koma za'a yanke. In kwaya bata rike ba akwai jona lantarki a dawo da bugun daidai, akwai kuma wanda ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya a kona wurin dake kawo rikicin. Masu kallon bal kun tuna Eriksen da ya fadi a fili a 2021, nasa daban ne zuciyar ce ta tsaya, amma an dasa masa na'ura a kirji ya dawo har ya bugawa Manchester United.

Na kira Hajiya tace "Kai dai ka rike azkar, zan aiko da rubutu." Nace "Toh Hajiya Allah ya kara girma, zan hada da na likita."

Bari in nuna muku abinda nas ta koya min, yatsu biyu a nan wuyan hannu kasan babban yatsa, ka kirga na sakan 30 ka ninka biyu, kuma ka saurara ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. In ya hadu da ciwon kirji ko suma ba zancen kirge, asibiti kai tsaye, mu nan 999. Nawa yanzu 72. Ga bas dina nan tazo, bari in shiga kafin lemar nan ta karye.