Me Ke Gajiyar Da Kai A Cikin Gari?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan ɗan kabu-kabun da ya fito daga Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis. Ga ɗan ga-ruwa ya turo kura gabansa, adaidaita ta yanko ta hagu, akuya ta gitta, fasinja na yi masa kwatancen wani lungu a Birni, waya kuma na ruri a aljihu. Duk cikin minti guda. Da magariba ya koma gida, ɗansa ya yi masa ƴar tambaya, sai ya daka masa tsawa. Bai yi noma ba, bai ɗau buhu ba. To me ya gajiyar da shi?

Masana halayyar ɗan Adam biyu na jami'ar Mishigan a Amurka, Rachel da Stephen Kaplan, sun yi bayanin wannan tun 1989. Hankali iri biyu ne. Akwai wanda ake fizga ba da izininka ba: an danna oda, ka waiga. Akwai kuma wanda kai ke riƙewa da ƙarfi, kamar lokacin da kake lissafin ciniki ko bitar darasi. Wannan na biyun shi ke ƙarewa. Mu mutanen Damagaram mun san randa a watan da famfo ya ɗauke: kowane moɗa ka ɗiba, ragi ne. Duk ƙarar da ka danne don kada ta ɗauke maka hankali, moɗa guda ke nan ya fita, kuma gari ba ya daina miƙo hannu.

A 2008, a wannan jami'ar, an gwada abin. An sa ɗalibai tafiyar kusan minti 50, wani lokaci cikin lambu mai itatuwa, wani lokaci a tsakiyar gari. Da suka dawo aka karanto musu lambobi, aka ce su maimaita daga ƙarshe zuwa farko. Bayan zagayen lambu ƙoƙarinsu ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. Zagayen titi bai ƙara musu abin kirki ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2013 a Namibiya, kan makiyayan ƙabilar Himba. Waɗanda ke daji da dabbobinsu sun fi iya kafa ido kan abu guda su ƙyale na gefe. Ƴan uwansu da suka koma garin Opuwo kuwa, hankalinsu na watsuwa kamar na mutanen Landan. Jini ɗaya, harshe ɗaya, mazauni ne kawai ya bambanta. Kada kuma a ɗauka lalacewa ce. Ɗan kabu-kabun nan, baza idon da yake yi shi ke mayar da shi gida lafiya. Matsalar na zuwa ne idan aka zauna karatu, kan ya ƙi sauka daga titi.

Yara ne abin ya fi ci. A 1975 wata mai bincike, Arline Bronzaft, ta duba wata makaranta a birnin Niyok na Amurka da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. Ƴan aji shida da tagarsu ke kallon layin dogo sun kasance baya a karatu da kusan shekara guda, in an gwada su da ƴan ɗaya gefen ginin. Da aka rage ƙarar, tazarar ta ɓace. Ku tuna da wannan kafin ku ce wa yaro dakiki, alhali ajinsa na bakin kwalta, kuma inda yake bitar jarrabawa da dare yana tsakanin injin niƙa da talabijin ɗin maƙwabta. Ni dai abin na ci mani rai, don yara da yawa sun sha bulala kan laifin da ba nasu ba.

Malamanmu na allo sun riga kowa gane wannan. Gardi in ya tashi hadda da gaske, kiskadi yake fita, can bayan gari, ya kafa bukka inda ba ya jin komai sai iska da muryarsa. Tilawa kuma da asuba ake yin ta, kafin gari ya buɗe baki.

Ba kowa ke da halin fita daji ba, amma ana iya rage ɗiba. Darasi mai wuya a mayar da shi bayan sallar asuba. Waya a ajiye ta wani ɗaki, don ko shiru ta yi, rai na leƙenta. Wanda ya wuni a kasuwa ko kan babur, ya samu rabin awa gindin dogon yaro, ko ya hau duwatsun Birni bayan la'asar ya zauna, ba rediyo, ba hira, har zafin dutsen ya huce a kira magariba.