Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Turanci a ƙasar waje da hawan dutse, za su haɗu?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙu uku na ware gefe guda don duk maganarsu ɗaya ce, bari mu fara da mai tsawon.

Wani ɗan'uwa ne ya rubuto, ya ce ya gama digiri, shekara biyu ke nan yana wasan hawan dutse, irin wanda ake ɗaura igiya a ƙugu, wai ya ga hotunan duwatsun Tailan a intanet sun hana shi barci. Yana so ya koma can da zama, da safe ya koyar da Turanci, da yamma ya hau dutse. Ta ina zai fara?

To malam, ajiye hotunan nan tukuna ka ɗauko fasfo ɗinka, don shi ne zai gaya maka inda za ka iya zuwa. Ɗauki Koriya ta Kudu, albashi mai kyau, sau da yawa har gida suke bayarwa, ga dutsen Insubong nan a bakin birnin Seul, amma bizar malaman Turanci da suke kira E-2 kusan 'yan ƙasashe bakwai ne kawai ke samunta: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. In fasfonka ba ya cikin waɗannan, ko Turancinka ya fi na mai gari sai dai haƙuri. Abin da ciwo, amma gara ka sani tun yanzu kafin ka kashe kuɗinka. Chaina ma akwai Yangshuwo da masu hawa ke rububi, sai dai tun 2021 da gwamnati ta taka wa makarantun lesin masu zaman kansu birki aikin ya ja baya sosai.

Tailan da Biyetnam sun fi sassauci. Abin da za a nema a wajenka digiri, takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da wani laifi, da satifiket na koyarwa, wato TEFL na awa 120, a Tailan kuma in ba daga ƙasashen Turawan nan ka fito ba za su ce ka kawo sakamakon jarrabawar TOEIC ta gwada iya Turanci. In da hali ni CELTA zan ce ka yi, satifiket ɗin koyar da Turanci na Kambirij, sati huɗu zuwa biyar ne amma zai matse ka, za ka tsaya gaban ɗalibai na gaske har awa shida ana kallonka ana yi maka gyara. Mutumin da shugaban makaranta zai fara yi wa kallon "anya wannan?" saboda fasfonsa, wannan takardar ce ke yi masa magana.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Inda dutse yake ba nan aiki yake ba. Waɗancan hotunan da ka gani, na tabbata Raile ne ko Tonsai a lardin Karabi, wurin da mota ma ba ta shiga sai dai kwale-kwale saboda duwatsun sun raba shi da gari. Makarantu masu biya da kauri kuwa suna Bankok, kusan kilomita 800 daga can. To wace yamma za ka tashi daga aji ka je? Kuma ko ka samu aiki kusa, sai ka dubi jadawalin. Cibiyoyin koyon harshe da yamma suke aiki da Asabar da Lahadi, safiyarka taka ce, sai dai duk wanda zai riƙe maka igiya yana ofis a lokacin, shi kuwa wannan wasa ba a yin sa mutum ɗaya. Makarantar gwamnati a Tailan Litinin zuwa Juma'a ce, ƙarshen mako naka ne, ga hutu, amma dogon hutunsu daga wajen Maris ne zuwa tsakiyar Mayu, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, dutse kamar an ɗora shi a wuta, hannu sai gumi. Lokacin da hawa ke daɗi, Nuwamba zuwa Fabrairu, kana cikin aji kana fama da yara arba'in. Wasu makarantun ma ba sa biyan watannin hutu, to ka karanta kwantiragin da idonka kar ka ce an gaya maka.

Da ni ne, birnin da ke da aiki kuma dutse na kusa zan nema, ko da bai kai na hoto kyau ba. Kwala Lamfur ta Malesiya akwai duwatsun Batu a gefen gari, jirgin ƙasa ma na zuwa. Antaliya ta Turkiyya ba ta kai tafiyar awa ɗaya zuwa Geyikbayiri ba. Daga Hanoi ta Biyetnam masu hawa na zuwa duwatsun Huu Lung su yi ƙarshen mako su dawo. Sauran ranakun kuma ka lallaɓa gidan motsa jiki mai bangon hawa, nan ne ma za ka samu abokai. Wata shida na farko kar ka sa rai da yawa, shirya darasi kawai zai cinye maka dare, sabon malami ba ya da lokacin kansa.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce. Wani bawan Allah ya ce wani ejan ya ce masa ya shiga da bizar yawon buɗe ido ya fara aiki, daga baya a gyara takardu. A'a ɗan'uwa, kar ka fara. Ranar da jami'an shige da fice suka dira makarantar kai za a kama, a ci ka tara, a maido ka, ƙila ma a hana ka sake shiga, shi kuwa ejan wayarsa a kashe. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi fasfonka ya ajiye maka, kama gabanka.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa ce, ta ce ƙanenta ne ke wannan shiri, ita kuma hankalinta ya ƙi kwanciya, shin abin nan ba ganganci ba ne?

Yaya, ba zan ce miki babu hatsari ba, amma ba irin wanda kike zato ba ne. Igiyar nan da wuya ta tsinke haka kawai, yawanci sakaci ne ke jawo faɗuwa, wani bai ƙarasa ƙullin da ke ƙugunsa ba, wani ana sauko da shi igiya ta ƙare ta zame daga hannun mai riƙewa saboda ba a yi ƙulli a ƙarshenta ba. Shi ya sa kafin mutum ya ɗaga ƙafa shi da abokinsa kowa ke duba na kowa. Ki tambaye shi ko yana yi, ki tambaye shi hular kwano. A duwatsun bakin teku irin na Karabi kuma akwai wata matsalar, iskar gishiri na cin ƙusoshin ƙarfen da aka kafa a jikin dutse don maƙala igiya, ta ciki, ka gan su garau amma sun ruɓe, shi ya sa aka koma sa na titaniyom da ake liƙawa da gam, to ya tambayi 'yan wurin wace hanyar hawa aka sabunta wa ƙusoshi kafin ya rataya ransa a kai. Sai inshora, wadda makaranta ke bayarwa ta rashin lafiya ce, ita kuma ta tafiye-tafiye da yawa sun rubuta a ƙananan haruffa cewa ban da hawan dutse. Ki ce ya turo miki takardar ki nemo layin da kanki, in babu hawa da igiya a ciki ya sayi wata daban kafin ya hau jirgi.