Amsoshin Tambayoyinku: Yadda jam'iyyu ke riƙe 'ya'yansu a Birtaniya da Amurka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Sakkwato, birnin Shehu. Wasiƙun da muka tsamo a wannan mako sun haɗu a kan batu guda, wato tsarin jam'iyyun siyasa a Birtaniya da Amurka, kuma za mu bi su har inda lokaci ya kai mu.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani malamin sakandare a Wurno. Yana cewa ya lura idan gwamnatin Birtaniya ta kai ƙudiri gaban majalisa, galibi ana sanin sakamakon tun kafin a kaɗa ƙuri'a, amma a Amurka sai a ji shugaban ƙasa yana lallashin sanatocin jam'iyyarsa, wani lokaci ma su watsa masa ƙasa a ido. Yana son sanin abin da ya kawo wannan bambanci.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abu biyu za a duba: abin da ke samun gwamnati idan ta sha kaye a majalisa, da kuma wanda tikitin takarar ɗan majalisa yake hannunsa.

A Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Jama'a na zaɓen wakilai ne a mazaɓu 650, sannan Sarki ya gayyaci shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye ya kafa gwamnati, ministocinsa kuma daga cikin 'yan majalisa za su fito. Saboda haka ran gwamnati yana hannun majalisar wakilai, duk ranar da ta janye amincewarta gwamnati ta faɗi. An ga haka a ranar 28 ga Maris, 1979, lokacin da aka kayar da gwamnatin James Callaghan ta jam'iyyar Labour da ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310. A wannan dare akwai wani ɗan Labour da yake kwance rai a hannun Allah, wanda jagororin jam'iyyar suka ƙi ɗauko shi don gudun kada ya cika a hanya. Rashin ƙuri'arsa ya jawo sabon zaɓe a watan Mayu, Margaret Thatcher ta hau mulki, Labour kuma ta yi shekara 18 tana adawa. Ɗan majalisar da ya san wannan tarihi zai yi tunani sosai kafin ya bijire, domin idan gwamnatin ta rushe, shi ma sai ya koma mazaɓarsa neman ƙuri'a ba shiri.

Ga kuma masu tsawatarwa, waɗanda muka fi sani da bulaliyar majalisa. Kowane mako suna aika wa 'yan jam'iyyarsu takardar ayyukan da ke tafe, kuma duk ƙudirin da aka ja wa layi uku a ƙarƙashinsa, halarta da bin umarni sun zama tilas. Yadda ake kaɗa ƙuri'ar ma ba ya barin mutum ya ɓuya. Idan aka buga ƙararrawa, 'yan majalisa na tashi da ƙafarsu su bi ɗaya daga cikin baranda biyu, ta masu amincewa ko ta masu ƙi, masu bulala kuma na tsaye a bakin ƙofa suna kallon fuskar duk wanda ya wuce. Wanda ya yi niyyar tawaye dole ya ratsa ta cikin 'yan adawa abokansa na ganinsa. Bayan haka, fiye da mutum ɗari daga cikin 'yan majalisar jam'iyya mai mulki suna riƙe da muƙamin minista ko na mataimaki, kuma ƙa'ida ce duk wanda ba zai goyi bayan gwamnati ba ya ajiye aikinsa, kamar yadda Robin Cook ya yi a 2003 a kan yaƙin Iraƙi.

Hukuncin bijirewa kuwa ba wasa ba ne. A watan Satumbar 2019 firaminista Boris Johnson ya dakatar da 'yan majalisa 21 daga ayarin jam'iyyar Conservative a dare ɗaya saboda sun saɓa masa a kan batun ficewa daga Tarayyar Turai, ciki har da tsofaffin ministocin kuɗi biyu, Kenneth Clarke da Philip Hammond, da kuma jikan Winston Churchill. Keir Starmer ma bai cika wata guda da hawa mulki ba a Yulin 2024 ya dakatar da mutum bakwai daga Labour. Wanda aka dakatar yana nan a kan kujerarsa, amma idan zaɓe ya zo ba a dawo da shi ba, ba zai tsaya da tutar jam'iyyar ba, kuma a ƙasar da yawancin mutane jam'iyya suke zaɓa, wannan kusan ƙarshen siyasarsa ke nan. Sauran kuwa sun san in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A Amurka duk waɗannan igiyoyi babu su. Ana zaɓen shugaban ƙasa daban na shekara huɗu, 'yan majalisar wakilai 435 na shekara biyu, sanatoci 100 na shekara shida, kuma babu ƙuri'ar da za ta sauya waɗannan wa'adodi. Minista ba ya zama ɗan majalisa. A cikin daren 28 ga Yuli, 2017, jam'iyyar Republican na da sanatoci 52, kuma tana neman soke wani ɓangare na dokar inshorar lafiya ta Barack Obama. Sanata John McCain na Republican, wanda kwanaki kaɗan kafin nan aka gano yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, ya tako zuwa gaban zauren, ya miƙa hannu, ya juya babban yatsansa ƙasa, alamar ƙin amincewa. Da shi da Susan Collins da Lisa Murkowski, su ma 'yan Republican, suka bi sahun 'yan adawa aka kayar da ƙudirin, 51 da 49. Gari ya waye Donald Trump na nan a kan mulki, McCain kuma na nan a jam'iyyarsa har ya rasu a 2018. Babu mai ikon ƙwace masa tikiti, domin a can masu jefa ƙuri'a ne ke fitar da ɗan takara a zaɓen fidda gwani da jihohi ke shiryawa, kuɗin kamfe kuma galibi ɗan takara ne ke nemo abinsa.

Sai dai Malam, kada a ɗauka har yanzu jam'iyyun Amurka sakaka suke kamar da. A 1964, lokacin da aka zartar da dokar haramta wariyar launin fata, sanatocin Democrat na kudancin ƙasar ne suka fi kowa yaƙar ƙudirin shugaban ƙasarsu, 'yan Republican da dama kuma suka taimaka aka tsallake. A 2010 kuwa dokar inshorar Obama ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba a zagayen ƙarshe. Zaɓen fidda gwanin da ya 'yantar da ɗan majalisa daga shugabannin jam'iyya ya miƙa shi hannun magoya bayanta masu zafin ra'ayi, waɗanda su ne suka fi fitowa a irin wannan zaɓe. 'Yan Republican goma ne a majalisar wakilai suka goyi bayan tsige Trump a Janairun 2021. Huɗu ba su sake neman takara ba, huɗu aka kayar da su a zaɓen fidda gwani, ciki har da Liz Cheney ta jihar Wyoming, biyu kacal suka dawo. A ganina, ɗan majalisar Birtaniya na tsoron ofishin jam'iyya ne, na Amurka kuma na tsoron 'yan jam'iyyar mazaɓarsa, kuma na biyun ya fi wuyar lallashi, domin shugaba kana iya zama da shi ku sasanta, amma taron masu zaɓe da suka fusata babu ɗakin da za ka same su.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo take, yana tambaya ko gaskiya ne doka ce ta taƙaita jam'iyyun Amurka zuwa biyu. A'a, babu irin wannan doka, akwai ƙananan jam'iyyu kamar Libertarian da Green. Tsarin zaɓen ne ke murƙushe su, tunda wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ke kwashe komai. Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un shugaban ƙasa a 1992, amma bai ci jiha ko ɗaya ba. Birtaniya ma haka take zaɓe, sai dai jam'iyyar da ƙarfinta ya taru a wasu yankuna tana samun shiga. A zaɓen 2024 Labour ta kwashi kujeru 411 da kimanin kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, Liberal Democrat ta samu 72 da kimanin kashi 12, ita kuwa Reform UK, wadda ta fi ta ƙuri'u domin ta samu kimanin kashi 14, kujeru biyar ta tsira da su saboda magoya bayanta a warwatse suke.

Wata Hajiya 'yar kasuwa daga unguwar Mabera kuma ta rubuto tana cewa, in dai jam'iyyun Birtaniya na da ladabin da ake faɗa, me ya sa suke sauya firaminista kamar riga?

Hajiya, kin taɓo inda tsarin yake da kaifi biyu. Tunda 'yan majalisa ne ke riƙe da firaminista, su ne kuma ke iya sakinsa, ba tare da an koma ga jama'a ba. Za su bi shi sau da ƙafa muddin suna ganin zai kai su ga nasara a zaɓe mai zuwa, ranar da suka fahimci ya zama musu kaya sai su sauke shi. Thatcher ta ci zaɓe sau uku, amma 'yan jam'iyyarta ne suka tilasta mata sauka a Nuwambar 1990. Johnson ya tsallake ƙuri'ar yankan ƙauna ta cikin gida a Yunin 2022 da 211 da 148, bayan wata guda ministoci da mataimaka fiye da hamsin suka yi murabus cikin kwana biyu, dole ya haƙura. Liz Truss da ta gaje shi kwana 49 ta yi. Tawaye a zauren majalisa ma yakan faru idan batu ya raba jam'iyya gida biyu: a ranar 15 ga Janairu, 2019, an yi watsi da yarjejeniyar firaminista Theresa May ta ficewa daga Tarayyar Turai da ƙuri'a 432 da 202, kuma 118 daga cikin masu ƙin 'yan jam'iyyarta ne.

A Amurka jam'iyya ba ta da wannan dama a kan shugaban ƙasa. Cire shi sai da kashi biyu cikin uku na sanatoci, abin da bai taɓa faruwa ba, ko da yake Richard Nixon ya yi murabus a 1974 da ya ga alamar za a kai can. Manyan Democrat sun matsa wa Joe Biden lamba har ya janye daga takara a Yulin 2024, amma ya ƙarasa wa'adinsa. Kakakin majalisar wakilai ne ke shan irin wannan duka. Sai da aka yi zagaye 15 kafin a zaɓi Kevin McCarthy a Janairun 2023, a watan Oktoba kuma mutum takwas daga jam'iyyarsa suka haɗa kai da 'yan adawa suka tumɓuke shi da ƙuri'a 216 da 210.

Wasiƙar ƙarshe ta wani dattijo ce daga Bodinga, wanda ya ce ya ga siyasar Jamhuriya ta Farko da idonsa, yana tambayar wanne daga cikin biyun muke bi, kuma ko a can ma ana sauya sheƙa.

Baba, Allah ya ƙara girma. Mun ɗanɗana duka biyun. Daga 1960 zuwa 1966 tsarin Birtaniya muka bi, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin firaminista da Sardaunan Sakkwato a matsayin firimiyan Arewa. A 1979 muka koma irin na Amurka, kuma Alhaji Shehu Shagari ne ya fara cin karo da matsalar da muka bayyana, domin jam'iyyarsa ta NPN kujeru 36 ta samu cikin 95 a majalisar dattawa, sai da ya ƙulla yarjejeniya da NPP, wadda ta wargaje a 1981 ba tare da gwamnatinsa ta faɗi ba. A nan gida ma mun ga yadda 'yan majalisar wakilai suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal kakaki a 2011 saɓanin wadda uwar jam'iyyar PDP ta tsayar, irin abin da tsarin shugaban ƙasa ke bari ya faru.

Inda muka bambanta da ƙasashen biyu shi ne wajen tikiti. Mun ɗauki majalisa irin ta Amurka, amma a yawancin lokuta deliget ne ko sasanci suka riƙa fitar da ɗan takara, ragamar jam'iyya a jiha kuma galibi tana hannun gwamna ko wani jagora. Tsarin mulkinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, saɓanin Birtaniya inda Jeremy Corbyn, tsohon shugaban Labour, bayan jam'iyyar ta hana shi tikiti, ya tsaya da ƙafarsa a 2024 ya kuma ci. Saboda haka biyayyar ɗan majalisarmu takan bi jagora fiye da jam'iyya, in jagora ya tashi sai ayari ya bi shi, kamar yadda aka gani a Nuwambar 2013 lokacin da gwamnonin PDP biyar, ciki har da na Sakkwato, suka koma APC.

Sauya sheƙa kuwa ana yin ta a can ma, sai dai jefi-jefi. Churchill ya bar Conservative a 1904 ya dawo bayan kimanin shekara ashirin, Sanata Jim Jeffords kuma ya fice daga Republican a 2001, ficewar da ta miƙa ragamar majalisar dattawa ga Democrat. A ƙasashen biyu babu dokar da ta ce wanda ya sauya jam'iyya ya bar kujerarsa. Mu ne muke da irin wannan doka, a sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Wannan togaciya ita ce dalilin da ya sa kusan duk wasiƙar sauya sheƙa da za ku ji an karanta a zauren majalisa take kafa hujja da rikicin cikin gida.