Amsoshin Tambayoyinku: Kaji da Yara a Zafin Kumasi

Assalamu alaikum jama'ar Zango, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonninku na wannan mako kusan duk a kan kaji suka taru, kuma ba mamaki, tunda watan Maris ya kama, rana tana dukan kwano tun hantsi.

Na farko daga wata Hajiya ne a Aboabo. Ta ce jikokinta sun dame ta sai ta saya musu kaji, to amma ta ga kajin maƙwabta suna buɗe baki da rana suna haki, har ɗaya ta faɗi ta mutu. Tana tambaya ko ciwo ne.

Hajiya, Allah ya raya jikoki. Abin da kika bayyana ya fi kama da zafi. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta a lafiyarta ƙalau ya kai wajen digiri 41, ga gashi ya lulluɓe ta, don haka hanyar da take fitar da zafi ita ce ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai iska ta shiga ƙarƙashinsu. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, mu kuwa a nan Kumasi, a Fabrairu da Maris, yakan haura 33 da rana tsaka. Ki ƙara da akurkin da aka rufa da kwano aka jingina shi da bango, babu inda iska za ta ratsa. A irin wannan ɗaki kaza takan mutu ba tare da wata cuta ba.

Kafin ki sayi ko ɗan tsako ɗaya, ki fara duba inda inuwa take a gidanki da ƙarfe biyu na rana. Nan ne wurin akurki. A buɗe gefensa biyu, a sa raga maimakon katako, a ɗaga rufin ya yi sama, a shimfiɗa ganyen kwakwa ko tsohuwar tabarma a bisa kwanon. Sai ruwa, wanda shi ne babban abu. Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na abincin da take ci, a lokacin zafi kuma ya fi haka, amma idan ruwan ya ɗumama sai ta ƙi shi. Kaskon ƙasa ya fi roba riƙe sanyi. A ajiye shi a inuwa, a sauya da safe da azahar da la'asar. Abinci kuma da sassafe da yamma, domin narkar da shi ma yana ƙara mata zafi. Idan kika ga wadda ta kwanta tana haki har ta kasa tashi, a kai ta inuwa, a tsoma ƙafafunta cikin ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba.

Game da irin da za ki saya, ni dai ba zan ba yara kajin gidan gona na nama ba. Ana yin su ne don su yi nauyi cikin mako 6 zuwa 8, kuma su ne zafi ya fi kashewa. Ki nemi kajinmu na gida. Idan kin samu mai wuyan nan da ba gashi, ko mai gashi a murmurɗe, kada munin su ya hana ki. Masana kiwo a jami'ar KNUST ta nan Kumasi sun yi bincike a kansu, kuma ƙarancin gashin ne yake taimaka musu jure zafi.

Saƙo na biyu ya faranta mini rai. Wani yaro ne ɗan aji biyar daga Asawase ya rubuto ta wayar mahaifinsa. Ya ce yana son kazarsa amma ita ba ta son shi, da ta hango shi sai gudu.

Ɗana, kazarka ba ta ƙi ka ba, tsoro take ji. Duk abin da ya zo mata ta sama da sauri, a wurinta shirwa ce. Idan ka bi ta a guje ka kai hannu ta kanta, ka koya mata cewa kai abin gudu ne. Ka bar bin ta gaba ɗaya. Ka karɓi aikin ba ta ruwa da tsaki daga hannun Mama, ya zama kai ne kullum, a lokaci guda, da kira iri ɗaya. Ka tsuguna, ka watsa tsakin nesa da kai, ka yi shiru. Gobe ka watsa kusa kaɗan. Wata rana za ka ga ta ci a tafin hannunka, amma ko a ranar kada ka cafke ta. Kaza tana gane wanda yake ciyar da ita, kuma tana tuna wanda ya firgita ta. Idan lokacin ɗauka ya yi, ka sa hannu biyu a kan fukafukanta, ka tallafi ƙirjinta, ka riƙe ta kusa da jikinka. Ban da ɗaga ta ta ƙafa ko ta fiffike, ban da ɗauka da rana tsaka tana fama da zafi. Mai kwanci da mai 'yan tsaki kuwa ka ba su wuri, za su sare ka kuma suna da gaskiya.

Iyaye, ku lura da abin da na ba yaron nan. Aikin da zai ceci kazar daga zafi shi ne dai aikin da zai sa ta saba da shi. Amma akwai iyaka. Kaza mai lafiya ma tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta da gashinta, mai sa zawo da zazzaɓi. Yaron da bai kai shekara 5 ba, sai dai ya kalla, kada ya sumbaci ɗan tsako ko ya kai shi baki. Manyansu su wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa. A gidajen hayarmu inda tsakar gida ɗaya ce ake girki, ake wanki, jarirai suke rarrafe, a share kashin kullum, kuma kaji ba sa kwana ɗaki da yara. Zakara mai faɗa kuma ba ya zama gidan ƙananan yara, don tsayinsa da fuskarsu ɗaya.

Wani Malam daga Tafo Zango ya ce duk hunturu kajin almajiransa sukan ƙare, wuya ya murɗe, kashi ya koma kore, ya ba su kafso a ruwa bai yi ba.

Allah gafarta Malam, wannan alamun ciwon Niyukasil ne, kuma kafson ba zai taɓa yi ba, domin ƙwayar bairos ce, maganin da ake bayarwa kuwa na bakteriya ne. Riga-kafi ne kawai. Akwai wanda ake kira I-2, ana haɗa shi a nan Ghana, yana jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ne a ido ga babba da ƙarami, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4. A yi shi kafin hunturu ya shigo, ga kaji masu lafiya. Ku haɗu da maƙwabta ku je ofishin likitan dabbobi na gundumarku, tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Idan kuwa kaji suka fara zubewa da yawa rana ɗaya, a hana almajirai taɓa su, kada a yanka a ci, a sanar da hukuma. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, kuma da ido ba a bambanta ta da Niyukasil.

Na ƙarshe daga wata uwa ce a Sawaba. Baƙi sun zo, maigida ya yanka kazar da 'yarta ta yi rainonta tun tana ɗan tsako, yarinyar ta ƙi cin abinci, 'yan gida suna mata dariya.

Yaya, ki gaishe mini da ita, ki ce na ji zafin abin. Mun san sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma wannan magana ce ta manya, ita yarinya ba wanda ya shirya ta. Dariyar nan ce ta fi damuna. Ku tuna ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ki zauna da maigida cikin ladabi ku yi tsari tun yanzu: a ware mace ɗaya a ce wannan ta yarinya ce, ta ƙwai da ƙyanƙyasa, ba a taɓa ta sai da saninta. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, bayan kwana 21 ga 'yan tsaki. Zakarun da suka fito a faɗa mata tun suna ƙanana cewa na tukunya ne da Sallah, kuma ranar yanka a tambaye ta ko tana son ta tsaya ko a aike ta gidan kakarta.

Waɗanda suka rubuto a kan ƙuma da ƙwarƙwatar kaji, ku haɗa toka da yashi a busasshen wuri cikin inuwa su riƙa birgima, sauran bayanin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.