Asusun indeks na kamfanonin fasaha da zancen lokacin shiga da fita: laccar da aka yi a Kano

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na? Toh madalla. Na san a nan Kano in ka ce hannun jari wasu dattawan har yanzu gabansu faɗuwa yake, saboda abin da ya faru a 2008, lokacin da mutane suka sayi hannun jarin bankuna, wasu har da rance, kasuwa ta rufta da su. Daga baya MMM, tsarin nan na damfara mai alkawarin riba, ta zo a 2016 ta ƙarasa na ƙarasawa. Saboda haka ba zan ga laifin wanda ya shigo ɗakin nan da shakku ba.

Shi asusun indeks abu ne mai sauƙi. Maimakon ka zauna kana zaɓen kamfani ɗaya, ko ka biya wani gwani ya zaɓa maka, sai a sayi duk kamfanonin da ke cikin wani jeri a ba ka ɗan kasonka, kamar a ce kana da ɗan kaso a kowane shago na Kantin Kwari, wani ya karye wani ya bunƙasa kai dai kana ciki. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a Amurka, shi ya fara buɗe wa talakawa irin wannan a 1976. Na ɓangaren fasaha wanda aka fi sani shi ne QQQ, an fara shi a 1999, yana bin jerin Nasdaq-100, wato su Apple da Microsoft da Nvidia da Amazon. Cajinsa a shekara wajen kashi 0.2 ne cikin 100, akwai ma irinsu VGT da XLK da nasu ya fi haka sauƙi.

Kar ku raina maganar caji, don ita kaɗai ce abin da ka sani tabbas tun ranar farko. Bari mu yi lissafi na misali, ba alkawari ba ne. Ka zuba miliyan 1, a ce tana ƙaruwa da kashi 8 duk shekara har shekara 20. Wanda ake cire wa 0.2 zai tashi da kusan miliyan 4 da rabi, wanda ake cire wa kashi 2 zai tashi da miliyan 3 da dubu 200. Kasuwa ɗaya, shekaru ɗaya, sama da miliyan guda ta tafi aljihun wani. Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya taɓa yin fare a kan wannan, daga 2008 zuwa 2017, asusun indeks ɗinsa mai araha ya yi ribar wajen kashi 125, gwanayen masu tsada suka tsaya wajen 36.

Yanzu ga inda samari suka fi so, momentom. Ma'anarsa abin da yake tashi yakan ci gaba da tashi na ɗan lokaci, mai faɗuwa ma haka. Kuma ba tatsuniya ba ce, wasu masana biyu, Jegadeesh da Titman, sun nuna shi a bincikensu na 1993, cewa hannayen jarin da suka yi fice a wata 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da yin gaba. Yadda aka fi amfani da shi a asusun indeks shi ne layin kwana 200, ka tara farashin rufe kasuwa na kwana 200 ka raba gida 200, in farashin yau yana saman layin ka zauna, in ya faɗo ƙasa ka sayar ka riƙe kuɗinka. Manhajar wayarka ma za ta zana maka, ba sai ka ɗauko kalkuleta ba.

Yana aiki? Wani lokacin sosai. A watan Maris na 2000 kasuwar Nasdaq ta Amurka ta haura maki 5,000, daga nan ta dinga gangarowa har Oktoban 2002, ta rasa kusan kashi 78, kuma ba ta koma inda take ba sai 2015. Shekara 15 fa, yaron da aka haifa lokacin ya kusa gama sakandare. Wanda ya bi layin ya fita a 2000 ya tsira daga mafi yawan wannan asarar, saboda faɗuwar a hankali ta zo, ta ba shi lokaci. Amma ku dubi 2020 lokacin korona, kasuwa ta zube cikin wata guda, kafin alamar ta ce ka fita an riga an yi ɓarnar, ka sayar a ƙasa, 'yan makonni kaɗan ta miƙe, alamar ta ce ka dawo, ka sake sayen kayanka da tsada. In kuma kasuwa tana kai-komo a kusa da layin to nan ne wahalar, ka fita ka shiga ka fita ka shiga, kowane zagaye ana yankar ka kaɗan kaɗan.

Kuma mu namu yankan ya fi na Ba'amurke zafi. Shi dala yake samu dala yake kashewa. Kai sai ka canza naira, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Wapa ya san kuɗin saye daban na sayarwa daban, manhajojin sayen hannun jarin ma haka suke, ga kamashon dillali a shiga da fita, ga kashi 30 da Amurka ke cirewa daga ribar da kamfanoni ke rabawa tunda ba mu da yarjejeniyar haraji da su. Ga ita kanta nairar, kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a hukumance, a 2024 ta wuce 1,500. Wanda alama ta ce ya fita, ya fita har ya mayar da kuɗinsa naira a tsakanin nan, asarar da ya yi a canji ta fi wadda ya guje wa. In za ka fita, zauna a dala.

Ni ra'ayina, kuma ra'ayi ne, yawancinmu nan gara mu dinga zuba kaɗan duk wata mu rufe waya. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki faɗuwar kashi 33 irin wadda Nasdaq ta yi a 2022 ba, toh ya ɗauki layin a matsayin birki kawai, ya duba sau ɗaya a ƙarshen wata, ya rubuta dokarsa a takarda tun kafin ya sa sisi. Kasuwar Niyok tana buɗewa 2:30 ko 3:30 na rana agogonmu, sai ka ga mutum daga la'asar har bayan isha'i ido na kan waya, kwastoma na tsaye a shago yana ce masa ina zuwa. Wannan ba momentom yake bi ba, hannunsa ne ke ƙaiƙayi.

Na'am Hajiya, ɗaga murya kaɗan... Tana tambayar halacci. Ni ba malami ba ne Hajiya, fatawa sai malamai, amma ga yadda tsarin yake. Nasdaq-100 ba ya ɗaukar bankuna, sai dai hakan bai sa duk kamfanonin ciki sun tsallake tantancewar shari'a ba. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, yana duba sana'ar kamfani, da bashin ruwa kada ya haura kashi 30 na darajarsa, da kuɗin shiga marar tsafta kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi. Akwai asusun da aka tace haka irinsu SPUS da HLAL, cajinsu wajen 0.5, kuma kamfanonin fasaha ne suka fi yawa a ciki. A gida ma akwai na kamfanin Lotus a kasuwar hannun jari ta Legas.

Ɗan'uwa mai jar hula, kana tambaya kan masu sayar da sigina a Telegram, masu ce maka saya yanzu ko sayar yanzu? Tambayi mai siginar ya nuna maka cinikinsa na shekara guda har da ranakun da ya faɗi, sannan kafin ka tura wa kowace manhaja kuɗi ka shiga shafin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari a Najeriya, ka ga ko tana da rajista. An kira salla, sauran tambayoyin bayan mun idar.