Amsoshin Tambayoyinku: Kujerar Sanatan Minnesota Da Ta Yi Wata Shida Ba Kowa A Kai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Jakar wasiƙu ta cika yau, lokaci kuma ƙanƙane ne, sai mu shiga kai tsaye.

Wata ɗaliba daga Katsina tana tambaya, sanatoci nawa ne a Amurka? Ƙanwata, su 100 ne, kowace jiha biyu, wa'adinsu shekara shida.

To, ga wadda ta fi yawa. Ta zo daga Maraɗi, ta zo daga Kumasi, sannan wani abokin wasana na Zazzau ya cika shafi huɗu a kanta. Malam, Allah ya ƙara wa alƙalami albarka, amma a riƙa tausaya mana. Tambayar dai ita ce: wai da gaske an taɓa shafe kusan wata takwas ana rigima kan zaɓen sanata ɗaya a Amurka?

Da gaske ne. A jihar Minnesota aka yi, zaɓen 4 ga Nuwamba, 2008. Norm Coleman na Republican ne ke kan kujerar, Al Franken na Democrat, wanda aka fi sani da wasan barkwanci a talabijin, yana neman ture shi. An jefa ƙuri'a kusan miliyan 2.9, ƙidayar farko ta ce Coleman na gaba da 215. Ku saurara da kyau, ba 215,000 na ce ba, 215 kacal. Dokar jihar a lokacin ta ce idan rata ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, dole a sake ƙirgawa da hannu. Aka baje takardu a kan tebura, wakilin wannan yana kallo, wakilin wancan yana kallo, wanda bai yarda da wata ƙuri'a ba ya ce a ware ta. Waɗanda aka ware suka tafi gaban kwamitin mutum biyar: sakataren jiha da alƙalai huɗu. Akwai wadda mai ita ya cike da'irar da ke gaban sunan Franken, ya kuma rubuta "Mutanen Ƙadangaru" a layin da ake rubuta sunan wani ɗan takara. Kwamiti ya ce mutum biyu ya zaɓa ke nan, aka soke ta. Ran 5 ga Janairu, 2009, reshe ya juye da mujiya, Franken ya koma gaba da 225. Coleman ya garzaya kotu.

Barista, kana tare da mu. Me ya hana a rantsar da Franken tun lokacin?

"Yauwa, na gode. Ai kafin a zo nan sai an fahimci zancen ambulan. Wanda ba zai samu zuwa rumfa ba yana aiko da ƙuri'arsa cikin ambulan, ya sa hannu, wani ya yi masa shaida. Kusan 12,000 aka ƙi karɓa. Wata sa hannu ya ɓata, wata shaidar ce ba ta cika ba, wata kuwa ma'aikaci ne ya yi kuskure. An buɗe 933 lokacin sake ƙidaya. Hujjar lauyoyin Coleman ita ce, abin da wata gunduma ta ƙi, wata ta karɓa, to ina daidaito? Ga kuma ƙuri'a 133 da suka ɓace a wata rumfa ta birnin Minneapolis, aka koma kan adadin da na'ura ta bayar daren zaɓe. Ni a wurina wannan ambulan..."

Barista, a gafarce ni, rantsuwa na tambaya.

"To, ai dokar jihar ce. Ba a ba da takardar shaidar cin zaɓe sai shari'a ta ƙare."

Madalla. Bari in maimaita saboda waɗanda rediyonsu ke ƙara. Babu takardar shaida sai an gama shari'a, babu rantsuwa sai da takarda. Wa'adin Coleman ya ƙare ran 3 ga Janairu, kujera ta zauna wayam, ɗaya sanatar, Amy Klobuchar, ita kaɗai ke wakiltar jihar. Alƙalai uku suka saurari ƙarar, aka buɗe ƙarin ambulan 351, ratar Franken ta kai 312. Ran 30 ga Yuni kotun ƙolin jihar, alƙalai biyar baki ɗaya, ta tabbatar da nasarar Franken. A ranar Coleman ya amsa shan kaye. Gwamna Tim Pawlenty, ɗan jam'iyyar Coleman ɗin, ya sa hannu, aka rantsar da Franken ran 7 ga Yuli. Da shi ne ɓangaren Democrat ya cika kujera 60, adadin da ake buƙata don hana 'yan adawa toshe doka da dogon jawabi.

Na Maraɗi ya ƙara da cewa ai duk maguɗi ne. Haba Malam, a riƙa bincike kafin a yanke hukunci. Takarda ɗaya-ɗaya aka ɗaga a gaban jama'a, kotu biyu suka duba. Ni dai ra'ayina, gara kujera ta jira da a ɗora wanda bai ci ba ya yi ta karɓar albashi. A Najeriya wanda hukumar zaɓe ta bayyana shi ake rantsarwa, kotun ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, kotun ɗaukaka ƙara 60, kuma a nan shari'ar sanata ke tsayawa. Sau nawa muka ga an sauke mutum bayan ya riga ya zauna?

Wani tela daga Agadas yana tambaya ko akwai ratar da ta fi wannan ƙanƙanta. Akwai, Malam. Jihar New Hampshire, 1974, ƙuri'a biyu. Majalisar dattawa ta kasa warwarewa, aka sake zaɓe a 1975, John Durkin ya ci.

Injiniya yana ɗaga mini hannu. Hajiya ta Garwa, taki sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.