Iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da haske ke kwancewa

Zainab: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Bashir, yau batun H2S ka kawo mana, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da yadda ake amfani da haske wajen sakinta a gwaji. Ni dai da guba na san ta.

Bashir: Guba ce kam, Malama Zainab. In ta yi yawa, tana toshe numfashin ƙwayoyin halitta. Amma jikinmu da kansa yana sarrafa ta kaɗan-kaɗan. A 1996 masu bincike Abe da Kimura suka nuna tana da aiki a ƙwaƙwalwa, daga baya aka gano tana sassauta jijiyoyin jini.

Zainab: To ina ruwan haske a ciki?

Bashir: Matsalar a wurin gwaji take. Mai bincike ya zuba gishirin NaHS a ruwan da ƙwayoyin suke, iskar ta fito gaba ɗaya a lokaci guda, kafin ka ankara ta gudu. Jiki ba haka yake yi ba. Akwai wani sinadari, GYY4137, mai sakinta a hankali, sai dai ba ka isa ka ce masa fara yanzu, ko a nan kaɗai ba.

Zainab: Wato ba shi da linzami.

Bashir: Yauwa! Shi ne aka ƙera sinadarai masu riƙe iskar a ɗaure, sai haske ya same su ɗaurin ya kwance. A 2013 wani mai bincike, Ming Xian, da abokan aikinsa suka fitar da irinsu, masu amsa hasken UV, wani haske da ido ba ya gani. Ki haska gefe ɗaya na ƙwayoyin, ki bar ɗaya gefen cikin duhu, ki kwatanta. Wannan shi ya fi burge ni.

Zainab: Tsaya, Malam. Shi UV ɗin ai yana lalata ƙwayoyin halitta.

Bashir: Yana yi, kuma ba ya ratsa tsoka da nisa. Shi ya sa aka koma neman masu amsa jan haske da na kusa da infirared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, waɗanda suka fi shiga jiki.

Zainab: Abin da aka ɗaure iskar da shi fa, in ya kwance ina yake zuwa?

Bashir: Yana nan cikin ƙwayar, kuma yana iya yin nasa tasirin. Dole a gwada wannan ragowar ita kaɗai, in ba haka ba sai a jingina wa H2S aikin da ba ita ta yi ba.